Geron binne ya tsiro, ruwa ya ɗauke

Assalamu alaikum manoma. Muna wajen Daura, gonarmu jigawa ce. Ni da yara mun yi binnen gero tun kafin damina. Ruwa ya sauka a watan Mayu, geron ya tsiro, daga nan sama ta ɗauke. Yanzu ganyen ya nannaɗe, bakinsa ya ƙone, da rana duk ya kwanta. Da asuba wani kan ɗan miƙe, wani ko alama.

Mun gwada ban ruwa da jarka a amalanke, kafin azahar yashi ya shanye, rijiya ma ta ja baya har uwargida na faɗa kan ruwan girki. Guraben da muka sake shukawa kurege ya tone. Irin da ya rage tiya biyu ne kacal.

Geron da ya kai haka yana farfaɗowa idan ruwa ya dawo?