Boko Kyauta, Amma Wa Ke Da Gata?

Tsohon Hedimasta:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "ta" ne, mai iyawa ya ɗauka.

A 1976 aka kawo UPE,
Obasanjo ya ce firamare kyauta.
A 1999 ya je Sakkwato,
Ya kira ta UBE, ya sabunta.
Dokar 2004 ta yanka shekara tara,
Tilas yaro ya yi su a makaranta.
To ina laifin gwamnati, jama'a?
Iyaye ne suka ƙi, kar mu manta.

Maman 'Yan Biyu:
Baba Malam, a yi mini afuwa,
Kyautar nan a takarda aka rubuta.
Kuɗin PTA, na alli, na tsintsiya,
Ga yunifom, wa zai ɗinka mata?
Ajin 'yata ba benci, rufi na yoyo,
Tana aji biyar ba ta iya sunanta.
Ran da ba ta ɗau farantin talla ba,
Ran nan tukunyarmu take huta.

Ɗan Jami'a:
2022 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta shiga yajin aiki,
Wata takwas sai cin tuwo da lalata.
Ɗan mai hali na jami'ar kuɗi ko Ingila,
Ya gama, ya kama aiki, ya sai mota.
Bashin karatu na NELFUND na ɗaliban manyan makarantu ne,
Wanda ya tsaya a aji shida, wa zai ceta?

Tsohon Hedimasta:
Yaro, ka bi a hankali, kuɗi akwai su,
Tarayya na zuba wa hukumar UBE, UBEC, rabonta.
Sharaɗi ɗaya, kafin jiha ta ɗiba,
Sai ta fara ajiye daidai nata.
Jihohi da yawa sun bar su kwance,
Can za ku kai kuka, can ne cuta.

Gardi Mai Allo:
Ku matsa, ku ba tsangaya wuri,
Mu ko a lissafin ba a ambata.
Jonathan ya buɗe makarantar almajirai a Gagi ta Sakkwato,
2012, na ce an share mini ƙunata.
Na haddace sittin, na rubuta da ka,
Wurin ɗaukar aiki ba a ƙirga ta.

Maman 'Yan Biyu:
Baba Malam, tambaya ɗaya tak,
Jikokinka a ina suke karanta?

Tsohon Hedimasta:
'Yar nan, kin iya tsokana wallahi!
Suna makarantar kuɗi, ubansu ke biyan ta.