Tambaya: yaya zan mayar da jarumina daga Dungeons & Dragons zuwa GURPS ba tare da ya zama wani daban ba?

Mai Garkuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan muna buga Dungeons & Dragons, wato wasan tebur da kowa yake riƙe jarumi guda a cikin labari ana jefa ƙwaya mai lambobi don sanin sakamako, bugu na biyar wanda ya fito a 2014, sai jagoran wasanmu ya yanke shawarar mu koma GURPS, wani tsarin wasa irinsa da ake gina jarumi da maki, bugu na huɗu, amma mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya. Jarumina mayaƙi ne mai takobi da garkuwa, yana mataki na bakwai, ƙarfinsa 18, zafin namansa 12, juriyarsa 14, makin ransa kuma, wato yawan raunin da zai iya sha kafin ya faɗi, 60. An ba kowannenmu maki 200 ya gina jaruminsa da su. Da na kwafe alƙaluman yadda suke, ƙarfi ya ci maki 80, zafin nama 40, lafiya, wadda ita ce madadin juriya a GURPS, 40, sai ya rage mini 40 kacal na duk sauran ƙwarewarsa, ban kuma san inda zan ajiye makin rai 60 ɗin nan ba. Akwai wata ƙa'idar lissafi da ake bi? Ina jin jarumin nan a raina, ba na so in wayi gari da baƙo a takardata.

Tsohon Jagora:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar ta fara ne daga kwafe alƙaluman, domin 18 na can ba 18 na nan ba ne, ko da yake tsarin biyu duka sun ɗauki 10 a matsayin mutum matsakaici. A Dungeons & Dragons ƙwaya ɗaya mai fuska ashirin ake jefawa, kowace lamba tana da rabo daidai da 'yar'uwarta, saboda haka kowane ƙari ɗaya kashi biyar cikin ɗari yake ba ka. A GURPS ƙwaya uku masu fuska shida ake jefawa a haɗa, ana neman kada jimillar ta wuce lambar ƙwarewarka, kuma sakamakon yakan taru ne a tsakiya. Mai ƙwarewa 10 yana nasara rabin lokaci, mai 12 kusan kashi 74, mai 14 kusan kashi 91, mai 16 kuwa kashi 98.

Ka dubi abin da 18 ɗin yake yi maka a can. Yana ba ka ƙari huɗu, ka haɗa da uku na matakinka ya zama bakwai, wato idan lambar kariyar abokin gaba 15 ce, za ka same shi sau 65 cikin ɗari. Ƙarfin ne yake sa sara ya samu. A GURPS ƙarfi ba ya wannan aiki, shi dai yana ƙayyade zurfin rauni da nauyin da za ka iya ɗauka, samun abokin gaba kuwa aikin ƙwarewar takobi ne da ake ginawa a kan zafin nama. Da ni ne, zan sauke ƙarfin zuwa 14, wanda ya riga ya ba ka ƙwaya biyu na rauni a sara tun kafin a ƙara na takobin kansa, in zuba maki 16 a takobi ya kai 16. Mutumin da abokan tafiyarsa suka sani da gwanintar sara ya dawo ke nan, a kan farashi mai sauƙi.

Mai Alƙalami:
Ina tare da malam a kan abin da ya faɗa, zan ƙara ne a kan makin rai, domin a nan na fi ganin mutane suna ɓacewa. Maki 60 ɗin ba tsoka ba ne zalla, a cikinsu akwai sa'a da gocewa da taurin zuciya, shi ya sa mayaƙi yake shan sara biyar yana tsaye. GURPS ya rarraba waɗannan abubuwa kowanne da gurbinsa. Makin rai yana bin ƙarfi, don haka naka zai zama 14, kuma rauni ɗaya da ya wuce rabin wannan yana iya kayar da kai ko ya nakasa maka hannu. Abin da zai raya ka shi ne kare kai: gocewa, tare sara da takobi, ko tarewa da garkuwa, kai da kanka kake jefa ƙwaya a kan kowanne. Sulke ma aikinsa ya sauya, a can yana hana a same ka, a nan yana rage raunin bayan an same ka. Ka sayi baiwar saurin farga a yaƙi da maki 15, wadda take ƙara ɗaya a duk kariyarka, ka sayi baiwar sa'a da wasu 15, wadda take ba ka damar sake jifa sau ɗaya a kowace awa guda ta zaman wasa.

Kada kuma ka damu da sara biyu da kake yi tun daga mataki na biyar. Zagayen can daƙiƙa shida ne, na nan daƙiƙa ɗaya, ka ga ko da sara ɗaya a kowane zagaye ka zarce abin da ka saba.

Baƙon Tebur:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne maki 200 ɗin. Jerin Dungeon Fantasy, wanda kamfanin Steve Jackson Games ya tsara musamman don irin wannan wasa na shiga kogo da yaƙar dodanni, yana fara jarumai ne da maki 250. Idan jagoranku yana so ku ci gaba da fuskantar irin abokan gaban da kuka saba, ya kamata ku zauna da shi a kan wannan adadi, musamman saboda mai sihirin cikinku, wanda kowane sihiri zai zame masa ƙwarewa mai cin maki, yana kuma biyansa da gajiyar jiki. Sannan ɗan'uwa bai gaya mana halin jarumin ba. In yana da alkawari ko maƙiyi mai bibiyarsa, GURPS yana lissafa su a matsayin nauyi, yana mayar maka da maki a kansu.

Mai Garkuwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake ginawa: ƙarfi 14, zafin nama 12, lafiya 13, takobi 16, garkuwa 14, da baiwa biyun da aka ambata, kuma duka sun tashi a kan maki 160 ɗin da na ɓatar a farko. Yana da rantsuwar cewa ba zai bar abokin tafiya a fagen daga ba, zan rubuta ta cikin nauyinsa. Jagoranmu ya yarda mu sake buga wani tsohon yaƙi da muka yi a bakin gada don gwaji kafin a tsayar da adadin makin, zan kuma kawo muku yadda ta kaya.