Yaya za mu gode wa waɗanda suka rene mu a ikilisiya?

Sakataren Matasa

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Zumuntar matasa ta majami'armu tana so ta ware rana ɗaya don gode wa waɗanda suka riƙe mu tun muna ƙanana: malaman makarantar Lahadi, malamin kwaya, shugabannin Brigade (ƙungiyar horar da yara ta ikilisiya) da iyayenmu na Zumuntar Mata. Yawancinsu sun tsufa, biyu sun riga sun huta cikin Ubangiji. Abin da ke asusunmu bai taka kara ya karya ba. Wa za a sa, wa za a bari? Me ya dace a ba su? Kuma ta yaya mu ma za mu fara yi wa ƙannenmu abin da aka yi mana?

Dattijon Ikilisiya

Ɗana, kun yi tunani mai kyau, kuma Nassi yana bayanku: ku duba 1 Tasalonikawa 5:12-13 da Ibraniyawa 13:7. Ku fara kai maganar gaban fasto da dattawa, aƙalla wata biyu kafin ranar. Kada ku haɗa ta da godiyar kaka ko shirin Kirsimeti, domin a lokacin hankalin jama'a da aljihunsu suna wani wuri. Makon matasa ya fi dacewa.

Wajen zaɓe ne ake yawan ɓata abin. In kwamiti ya zauna shi kaɗai, sunayen da za su fito su ne na masu ba da gudummawa mai tsoka, sai a manta da tsohuwar da ta yi shekara ashirin tana koya wa yara ayar haddacewa a gindin darbejiya. Ku raba wa kowane matashi takarda, ya rubuta suna ɗaya da abu ɗaya takamaimai da mutumin ya yi masa. "Ta kyauta mana" ba ya isa. "Ita ce ta fara ba ni karatun Zabura a gaban jama'a" shi ake nema. Ku tuna da na waje kuma, kamar malaman sakandare masu kula da FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, wadda aka fara a Gindiri a 1957. Da yawa daga cikin masu wa'azinmu a hannunsu suka fara buɗe baki.

A ranar, mutum biyar ko shida sun isa. Kowanne a samu matashi ɗaya ya yi shaida ta minti uku, a tsaya a nan. Abin da ya fi ratsa zuciyar malami shi ne ya ga hannunsa: wanda ya koya wa waƙa ya jagoranci waƙar, wadda ta koya wa karatu ta karanta Nassin ranar. Kada a kira babban baƙo, kada a buɗe gidauniya. Da zarar an fara shelar wane ya ba da kaza, taron ya tashi daga hannun tsofaffin.

Kyauta kuwa, allon lambar yabo yana ƙarewa a bango yana shan ƙura. Ku tambayi iyalin a asirce abin da ake bukata. Sau da yawa gwajin ido ne da tabarau, don tsoho ya koma karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, ko maganin hawan jini na wata uku, ko turmin atamfa, ko 'yan mudun hatsi. Takardun da matasa suka rubuta ku ɗinke su ku miƙa masa tare. Waɗanda suka huta, a kira matansu ko 'ya'yansu su karɓa. Wanda ƙafa ta hana shi zuwa, ku je gida ku biyar ko shida da Littafin Waƙoƙi, ku tambaye shi lambar waƙar da yake so.

Malamin Kwaya

Baba ya gama da tambayoyin farko, bari in ɗauki ta ƙarshe. Ƙarfafa yaro ba yabo kawai ba ne, aiki ake ba shi daidai ƙarfinsa. Yaron da ke da murya, kada a damƙa masa waƙa sukutum. A ba shi baiti ɗaya, kwaya ta karɓi amshi. Ya yi shi sau uku a wurin koyo, sau ɗaya a addu'ar tsakiyar mako inda mutane ba su da yawa, sannan ranar Lahadi. Haka mai karatu: a ba shi ayoyin tun ranar Laraba, kada su wuce goma, ya karanta da ƙarfi a gabanka, ka gyara masa sunaye masu wuya da wuraren numfashi. Miƙa wa yaro Littafi a bakin ƙofa da safiyar Lahadi shi ke sa ya yi in'ina, a yi dariya, ya ƙi sake tashi har abada.

Inda muke asarar samari shi ne tsakanin shekara 13 zuwa 15, lokacin da murya ke fashewa. Sai malami ya ce ya ɓata waƙa, ya koma benci, daga benci sai waje. A sauke shi zuwa muryar ƙasa sannu a hankali, kada a tilasta masa hawa sama, a ba shi ganga ko jita ya riƙe har muryar ta zauna.

Gyara kuma a keɓe ake yi. Akila da Bilkisu da suka ji Afolos yana wa'azi da gibi a saninsa, gefe suka ja shi (Ayyukan Manzanni 18:26). Ka fara da abin da ya yi daidai, ka ambaci kuskure ɗaya tak, sauran su jira wani mako. In ya faɗi, a sake ba shi dama kafin wata ya zagayo. Markus ya gudu daga tafiyar bishara har Bulus ya ƙi sake ɗaukarsa, Barnaba, wanda sunansa ke nufin ɗan ƙarfafa zuciya, ya riƙe shi. Daga baya Bulus da kansa ya aika a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11).

Uwar Zumunta

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Abu ɗaya ban yarda da Baba ba: mutum shida sun yi kaɗan in ba a faɗa wa sauran komai ba. Tsofaffi suna lura. Ku kira sunan duk wanda aka rubuta, ya miƙe a yi masa addu'a, ku sanar cewa abin na kowace shekara ne. Ku sa iyaye da kakanni a ciki, domin bangaskiyar Timoti daga kakarsa Lowis da mahaifiyarsa Afiniki ta faro.

Ga masu son ɗaukar ƙanne, kada mutum ɗaya ya wuce yara uku, in ba haka ba sai suna kawai. Mata su riƙe 'yan mata, maza su riƙe samari, kamar yadda Titus 2 ya tsara. Iyayen yaro su san ranar da wurin haɗuwa, a zauna a fili ko ɗaki mai buɗaɗɗiyar ƙofa, a tashi kafin duhu. Yarinyar da ta yi Lahadi biyu ba a gan ta ba, a taka har gidansu, a gaishe da mahaifiyarta tukuna kafin a tambayi dalili.