Ramin kati na laftof ya yi shiru bayan an gina sabon kanel

Baban Ummi, Agege: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wata tsohuwar Dell Latitude D630 tokumbo da nake ajiyewa a shago don sauke hotuna daga katin CompactFlash na kyamara. Ina sa katin cikin adafta, sai in tura ta ramin gefen laftof. Ƙanena ya gina mata sabon kanel, wato zuciyar Linux mai sarrafa kayan na'ura, wai don ta riƙa tashi da wuri. Ta yi sauri kam, amma tun ranar in na zura kati ko gezau. Debian, wani nau'in Linux, ce a kai. Ga masu biki sun dame ni da waya kan hotunansu.

Injiniya, Ikeja: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka sayi komai tukuna. Ramin gefen nan kati iri biyu yake ɗauka, jikinsu ɗaya, ƙafafu 68 kowanne, amma cikinsu daban. Akwai tsohon PC Card mai bit 16, akwai CardBus mai bit 32 da ya fito a 1995. Juya katin ka duba bakinsa: in akwai wani siririn ƙarfe ruwan zinare mai 'yan ƙuraje a kan bakin, CardBus ne. Adaftar CompactFlash ta gama-gari ba ta da shi, kuma babu wani wayo a cikinta, wayoyi ne kawai suka miƙe daga kati zuwa rami. Buɗe taminal, wato tagar buga umarni, ka buga `sudo dmesg -w`, ka bar shi a buɗe, sannan ka zura katin. Turo mana abin da ya fito, haɗe da na `lspci -k`.

Baban Ummi, Agege: Babu ƙarfen zinare. A lspci na ga CardBus bridge na O2 Micro, ƙarƙashinsa an rubuta yenta. Da na zura kati layi biyu suka fito, ɗaya ya ce an saka kati a rami na 0, ɗayan ya ce an yi wa pcmcia0.0 rajista. Daga nan shiru.

Injiniya, Ikeja: Alhamdulillah, raminka lafiya lau. Kanel ya ga ramin, ya ga katin, har ya ba shi suna. Abin da ya rasa direba ne, 'yar manhajar da za ta ɗauki katin a matsayin faifai, wato pata_pcmcia. Tambayi ƙanin naka ko da `make localmodconfig` ya yi aikin.

Baban Ummi, Agege: Ya ce e, da shi ne.

Injiniya, Ikeja: To ga zancen. Wannan umarni yana duba direbobin da ke aiki a daidai lokacin da aka buga shi, ya ajiye su, ya kashe sauran. Kamar kwandastan danfo ne, wanda ya tarar a tasha shi zai ɗauka, wanda ya je shan ruwa an bar shi. Direban ramin, yenta_socket, kullum yana tashi tunda ramin a jikin na'ura yake, shi ya sa ya tsira. Direban katin kuwa sai an zura kati yake tashi, ranar kuma babu kati a ciki.

Anti Zulai, Idi-Araba: Ku yi haƙuri, mutum na da kwastomomi a bakin shago kuna maganar gina kanel. Baban Ummi, kashe ta ka kunna, a allon GRUB, wanda ke fitowa kafin Debian ta tashi, ka shiga Advanced options ka zaɓi kanel na Debian na asali. In ba a goge shi ba, yau ɗin nan za ka sauke hotunanka. Sannan ka nemi rida, wato na'urar karanta kati, ta USB. Adaftar nan ta ramin bit 16 a hankali take jan kaya, katin da ya cika da hotunan biki sai ka yi sallar la'asar ka dawo bai gama ba. USB 2.0 da ke jikin D630 ta fi ta nesa ba kusa ba.

Injiniya, Ikeja: Gaskiyarki Anti, na yarda da duka biyun. Sai dai a sabon kanel ɗin ridar ma tana iya ƙin aiki, don in ba a sa filash a ranar ba, usb_storage ya tafi tare da sauran. Haka vfat: katin kyamara yawanci FAT32 ne, ita kuma D630 da tsohon BIOS take tashi, ba ta da ɓangaren EFI da zai sa vfat ya kasance a kunne. Alhaji, a jakar da aka gina kanel ɗin, ka sa yaron ya buga `grep -E "PATA_PCMCIA|VFAT_FS|USB_STORAGE" .config`. Duk wanda aka ce is not set, babu shi.

In zai gyara, ya buɗe `make menuconfig`. Ƙarƙashin Device Drivers akwai sashen PCCard, ya tabbatar CONFIG_PCCARD, CONFIG_PCMCIA, CONFIG_CARDBUS da CONFIG_YENTA suna nan, har da YENTA_O2 tunda O2 Micro ce gadarku, wato CardBus bridge ɗin da ka gani a lspci. CONFIG_PATA_PCMCIA ba a can yake ba, yana sashen faifan ATA, nan mutane ke ɓata lokaci suna nema. Ya ƙara VFAT_FS da NLS_CODEPAGE_437. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ya tashi da kanel na Debian, ya jona duk abin da kuke amfani da shi a shago, kati da rida da firinta, ya buɗe katin har ya ga hotuna, sannan ya sake localmodconfig. Ya kuma saka kunshin pcmciautils, shi ke ba da `pccardctl ident` da `lspcmcia`. In ya ci karo da bayani a intanet mai maganar cardmgr, ya wuce, na zamanin pcmcia-cs ne, tun kanel 2.6.13 a 2005 aka sauya tsari.

Ɗan Mile 12: Oga Injiniya, bari in raɓa. Tawa ThinkPad T420 ce, na sa mata katin USB 3.0 a ramin gefe. In na kunna ta da katin a ciki yana aiki, in na zura shi tana kunne ba ta ganinsa. Yenta ɗin nan zan kunna?

Injiniya, Ikeja: A'a ƙanena, yenta ba ruwansa da kai. Naka ExpressCard ne, wanda ya fito a 2003, ƙafafu 26. Shi ba ya bi ta gadar CardBus, layin PCI Express guda da layin USB 2.0 aka kawo bakin ramin kai tsaye. Katin da ke amfani da layin USB, irin wasu modem, lsusb ne zai nuna shi. Naka na PCI Express ne, matsalarka ita ce kanel bai san an zura sabon abu ba. Zura shi, ka zama root, wato mai cikakken iko a na'urar, ka buga `echo 1 > /sys/bus/pci/rescan`. In ya bayyana a lspci, to duba ko CONFIG_HOTPLUG_PCI_PCIE da CONFIG_HOTPLUG_PCI_ACPI suna kunne. In suna nan amma shiru, ƙara `pcie_ports=native` a layin kanel cikin /etc/default/grub, ka yi update-grub, ka sake kunnawa.

Ɗan Mile 12: Rescan ya fito da shi! Renesas ya rubuta, sunan kamfanin cif ɗin katin. Amma hard disk ɗina na waje yana ta ƙas-ƙas yana yankewa.

Mai Gyara, Otigba: Wannan ba kanel ba ne, wuta ce. Ramin ExpressCard ba ya ba da volt 5, katin ne ke ɗaga ta daga 3.3, kuma ba ta isar faifai mai juyawa. Duba jikin katin tsakanin ramukan USB, da yawa suna da ƙaramin rami zagayayye. Akwai igiyar da ke ɗauko wuta daga USB na laftof ta shiga nan. Masu sayarwa sukan raba kati da igiyarsa, sai ka tambaya.

Duk mai zuwa Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, neman irin katunan nan, ya taho da laftof ɗinsa a gwada a gabansa. Faɗinsu biyu ne, milimita 34 da 54. Na 34 yana shiga ramin 54, na 54 ba ya shiga na 34. T420 ramin 34 gare ta, X220 kuwa 54. Na sha ganin an miƙa wa mutum CardBus an ce masa ExpressCard ne, don shi ma faɗinsa 54.

Malam Habu, Obalende: Ina da tsohon katin wayfai na Orinoco a durowa, zai yi?

Injiniya, Ikeja: Bar shi a durowa Malam. An cire direbansa daga kanel tun 6.8 tare da wasu tsofaffin katunan wayfai na PCMCIA, kuma ko ya tashi gudunsa megabit 11 ne. In CardBus mai cif ɗin Atheros ka samu, wannan kanel yana ɗaukarsa kamar kowane katin PCI, ath5k ko ath9k ke tuƙa shi.

Baban Ummi, Agege: Anti Zulai, Allah ya saka da alheri, tsohon kanel yana nan, hotuna na sauka yanzu haka. Mai Gyara, gobe bayan azahar zan aiko yaron wajenka da laftof ɗin, a gwada masa rida mai ɗaukar CompactFlash da SD duka.

Mai Gyara, Otigba: Ya taho da katin kyamarar da caja, batirin D630 ba abin dogaro ba ne.