Wasan dandali nan da mako shida: wane kayan talla za mu shirya a intanet?

Ɗan Dandali:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu za ta nuna wasan kwaikwayo na awa ɗaya da rabi nan da mako shida, a zaure mai kujeru 300. Akwai kiɗan kalangu da rawa a ciki. Wayoyi biyu gare mu masu kyamara mai kyau, da kwamfuta ɗaya, kuɗin talla kuma kaɗan ne. Me ya kamata mu shirya na Facebook da TikTok da WhatsApp, wanne za mu fara? Kuma mu watsa wasan kai tsaye, ko hakan zai hana mutane zuwa?

Mai Tsara Taro:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ku ɗauki ko hoto ɗaya, ku tsayar da rana da lokaci da wuri da kuɗin shiga, ku sami lambar waya guda wadda za a riƙa kira. Duk abin da kuka saki ba tare da waɗannan biyar ba, nishaɗi ne kawai kuka raba wa mutane kyauta.

Abu huɗu sun ishe ku. Fosta guda, a girma biyu: faɗi da tsayi fiksel (ɗigon hoto) 1080 da 1350 don shafin Facebook, 1080 da 1920 don sitatus. Sai gajerun bidiyo shida zuwa takwas, a tsaye, kowanne kada ya wuce daƙiƙa 30. Sai sanarwar murya, ita ma ta daƙiƙa 30, da muryar jarumin wasan, wadda za ta yi yawo a WhatsApp, in da hali kuma a kai ta gidan rediyo. Wannan kada ku raina ta, don tana isa ga wanda ba ya karatu da wanda datarsa ba ta buɗe bidiyo. Na huɗu, taswirar wurin da kwatance irin namu: kusa da wane masallaci, a sauka a wace mahaɗa.

In an ƙirga baya daga ranar wasa, a mako na shida da na biyar ku yi ɗauka da tacewa, kada ku saki komai. Na huɗu fosta ta fita. Na uku da na biyu bidiyo biyu kowane mako. Makon ƙarshe kullum ɗaya, ko da maimaici ne, a tura wa masu tikiti tunatarwa ana gobe da kuma safiyar ranar.

Ku kula da salon rubutun fosta. Da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma, ko harafi ɗaya ya bambanta da sauran. Noto Sans da Andika suna da su.

Mai Kyamara:
Bari in tsaya a kan ɗauka, don a nan ake yawan asara. Kada ku jira ranar wasa. Ku ware gwaji guda, 'yan wasa su sa cikakkun kayansu, a kunna fitilun da za a yi amfani da su, a maimaita fitowa uku ko huɗu saboda kyamara kawai.

Sauti ya fi hoto muhimmanci. Wayar da ke nesa da dandali amsa-kuwwar zaure take ɗauka, kalangu kuma ya danne maganar kowa. Ku maƙala ƙaramin makirfo a rigar mai magana, tazarar kamar taƙi ɗaya daga baki. In za ku ɗauko sauti daga miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirfofin zaure, kada ku zura igiyarta kai tsaye a ramin makirfon waya. Ƙarfin da miksa ke fitarwa ya fi abin da ramin zai ɗauka, sautin zai farfashe, kuma ba ya gyaruwa a tacewa. A bi ta na'urar naɗar sauti, a daidaita yadda dukan kalangu mafi ƙarfi zai tsaya wajen -12 a ma'aunin ƙarfin sauti na na'urar. Da an fara ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da shi za ku haɗa sauti da hoto daga baya.

Wutarmu tana tafiya a zagaye 50 cikin daƙiƙa, saboda haka ku ɗauka a firam 25, wato hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawar kyamara 1/50. In kuka bar waya a 30 ko 60, wasu fitilun za su riƙa ɓari ko jan layi a hoton. Janareta ba koyaushe yake tsayawa daidai ba, don haka ku gwada da shi a kunne. Ku kulle haske da launi a kan fuskar ɗan wasa, in ba haka ba duhun bayan dandali zai ruɗi wayar, fuska ta fito fari fat.

Waya ɗaya a kan mazauni mai ƙafa uku tana kallon dandali duka, ɗayar tana bin fuskoki. Wasan minti 90 a ingancin hoto na 1080 zai iya cin gigabait 10 zuwa 12 a kowace waya. Ku cire rigar wayar don zafi, ku sa ta a yanayin jirgin sama. Wajen musayar bidiyo tsakaninku ku tura shi a matsayin fayil, don WhatsApp na matse bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba.

Wajen yanka, ku fara da tsakiyar rigima, daƙiƙa uku na farko su kama mutum, ku datse kafin a warware. Rana da wuri su zauna a kan hoton tun farko, a tsakiyar allo, don maɓallan TikTok na rufe ƙasa da gefen dama.

Hajiya Mai Tikiti:
Ɗana, watsawa kai tsaye ban goyi baya ba a daren farko. Kujera kuke sayarwa. Ga shi watsawa a ingancin hoto na 720 na bukatar aika wajen megabit 3 a daƙiƙa ba yankewa, fiye da gigabait ɗaya a awa, kuma da zaure ya cika da wayoyi layin zai yi nauyi. Ku watsa minti biyar na cikowar jama'a da kiɗan buɗewa, ku kashe. In kun yi a Facebook ku sauke shi da wuri, don tun 2025 suna goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30.

Kowane ɗan wasa da makaɗi ya sa hannu a takarda cewa ya yarda a ɗauke shi a yaɗa, yara kuma iyayensu su sa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai wasa haƙƙi a kan ɗaukar wasansa. Kada ku ɗora waƙar wani a ƙarƙashin tallanku, za a iya toshe sautin. Ku naɗi naku kiɗan. In a Kano kuke, ku tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai tun yanzu.

Ɗan Dandali:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, ta yaya za mu gane wane talla ne ya kawo mutane?

Hajiya Mai Tikiti:
Amin. Mai sayar da tikiti ya riƙa tambaya, "A ina ka ji?", ya ja layi a littafi ƙarƙashin sitatus ko Facebook ko TikTok ko rediyo ko bakin aboki. Yawan kallo ba ya nuna wanda zai zo, mai yiwuwa rabinsu a wani gari suke. Wanda ya yarda ku karɓi lambarsa don wasa na gaba, ku kuma roƙe shi ya ajiye taku nan take, domin jerin aikawa na WhatsApp, wanda ake tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa da shi, mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarku ba.