Neman shawara: Kwasar adashi ta zo kaina, wane kayan aikin gida zan fara saya?

Mai neman shawara, ma'aikaciyar ofis daga Mabera, Sakkwato:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina fatan kowa ta tashi lafiya tare da iyali. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ina zaune da maigidana da yara uku, babbar tana aji huɗu na firamare, ƙaramin kuwa bai daɗe da yaye ba. Ina barin gida da ƙarfe 7:15 na safe domin in sauke yara a makaranta kafin in wuce ofis, ba na dawowa sai bayan la'asar. Daga sallar asuba nake tsaye a madafa, in dama koko, in dafa abin da yara za su tafi da shi, in kuma ɗora abincin rana wanda maigida zai tarar. Idan na dawo sai na aika markaɗe na jira a kawo, sau da yawa ana kiran isha'i ban kwashe tuwo ba. Ranar Asabar kuma wanki ne yake cinye ta.

Ƙarshen watan nan ni ce da kwasar adashin ofishinmu. Kuɗin za su sayi ɗaya daga cikin uku: ƙaramar firiza, ko injin wanki, ko ƙananan kaya irin su bilenda da tukunyar furesha (mai dafa abinci da matsin tururi) da kuloli. Wuta a layinmu galibi da dare take zuwa, wani lokaci a yi kwana biyu ba a gan ta ba, ruwa kuma wurin 'yan ga-ruwa muke saye. Ina da tukunyar gas mai kilo 6 da kurfoti. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga wannan hali su ba ni shawara, domin ba na son kuɗin da na yi wata goma ina zubawa su ƙare a kayan da za su zama ado a kusurwar ɗaki.

Malamar makaranta daga Arkilla:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki je kasuwa, ki zauna ki duba aikin da ya fi cin lokacinki, sannan ki tambayi kanki ko na'urar da za ta rage shi tana jiran wuta ko ba ta jira. Da wannan ma'aunin ni na fara da tukunyar furesha, kuma yau shekara huɗu ban yi nadama ba, domin a kan gas take aiki, a kawo wuta ko a ɗauke bai shafe ta ba.

Sirrinta shi ne murfin yana kulle tururi a ciki. A tukunyar da muka saba ruwa ba ya wuce zafin digiri 100 komai yawan wutar da aka hura, amma a cikinta yana kaiwa wajen 120, shi ya sa abinci yake nuna da wuri. Waken da nake yin fiye da awa guda ina jira yanzu minti 25 ya ishe shi daga lokacin da tukunyar ta fara huci. Ganda da ƙafar saniya, waɗanda da sai Asabar nake iya dafa su, yanzu ina ɗora su bayan magariba mu ci a daren. Gas ɗinki ma zai ƙara kwanaki, kin kuwa san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin zuwa aiki kaɗai ya isa ya sa mace lissafin kowace naira.

Sai dai tana da dokoki. Idan wake za ki dafa kada ya wuce rabin tukunya, saboda kumfarsa tana toshe ƙofar da tururi yake fita. Da ta fara huci sai ki rage wuta, kuma kada ki yi kokawa da murfin sai hucin ya sauka gaba ɗaya. Ranar saye ki ciro zoben robar da ke cikin murfin ki duba shi, ki tambayi mai shago ko yana sayar da irinsa daban, domin shi ne yake fara gajiya, idan kuma babu na canji tukunyar ta tashi aiki. Ni guda biyu na saya a Babbar Kasuwa tun ranar farko na ajiye.

Ma'aikaciyar banki daga Gawon Nama:

Yaya ta faɗi gaskiya, amma ni firiza ce ta canza mini rayuwa. Ranar Lahadi nake sayen nama da kifi a Kasuwar Daji, in yi miya kala biyu, in raba a ƙananan robobi gwargwadon cin kwana ɗaya, sai ya zama a ranakun aiki tuwo ko shinkafa kawai nake dafawa. Ki nemi mai murfi a sama, ba mai ƙofa a gaba ba, domin iska mai sanyi ƙasa take kwanciya, ba ta zubowa idan an buɗe. Duk gurbin da babu abinci ki cika shi da ledojin ruwa su daskare. Firizar da take cike maƙil tana iya riƙe ƙanƙara har kusan kwana biyu idan ba a buɗe ta, wadda take rabi kuwa kwana ɗaya ne. Ki haɗa da sitabilaiza mai jinkirta kunnawa na 'yan mintuna bayan an dawo da wuta, saboda kawowa da ɗaukewa a jere shi ne yake kashe injinta.

Ma'aikaciyar ƙaramar hukuma daga Runjin Sambo:

'Yar'uwa ta Gawon Nama, ki yi haƙuri in ɗan saɓa miki, domin layinku ba irin na mai neman shawara ba ne. Wannan lissafin kwana biyu a watan Janairu yake yi, lokacin hunturu. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, ɗakin kwano da kansa tanda ne. Ni na sayi firiza da irin wannan kuɗin, na zuba naman suna rabin rago, taransifomar unguwarmu ta lalace, a rana ta uku na buɗe na tarar ruwan jini ya kwanta a ƙasa, naman ya canza launi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabon maƙwabta da ban kai ga bayarwa ba. Ke kuma mai neman shawara, idan wutarki ta dare ce kawai, kuma tana tsallake kwanaki, ki jinkirta firiza har sai kin iya haɗa ta da sola da batir. Rana dai Allah ya hore mana ita a garin nan, sai dai a riƙa goge ƙurar da take kwanciya a kan faifan sola, musamman da hunturu, in ba haka ba cajin raguwa yake yi.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciya da ta yi ritaya, daga Ƙofar Rini:

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya zuri'a. Na yi shekara 35 ina aiki, na yi renon yara bakwai, rabin wannan lokaci ban mallaki firij ba, saboda haka bari in gaya miki abin da ya riƙe ni.

Markaɗen kullum shi ne yake hana ki kwashe tuwo da wuri, to ki kashe shi. Ranar Asabar ki kai markaɗen mako guda a babban bokiti, tumatir da tattasai da tarugu da albasa. Ki zuba a tukunya mai faɗi a kan kurfoti ba tare da murfi ba, ki bar shi yana tafasa har ruwan ya ƙone, ya yi kauri yana kama cokali. Sannan ki soya shi da man gyaɗa da gishiri har man ya taso ya rufe samansa. Kullum ki ɗiba da busasshen cokali, ki kuma ɗumama sauran safe da yamma, idan zafi ya tsananta kuwa ki yi na kwana uku kawai. Da wannan, miyar dage-dage minti goma ce.

Yanzu da tumatirin fadama yake araha, daga Janairu zuwa Maris, ki sayi kwando ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta, ki rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙura, ki samu kauɗarki ta damina lokacin da ɗanye yake gagarar talaka. Haka kuɓewa da tattasai. Kada kuma ki raina randa. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafi, busasshiyar iskarmu kuwa ita ta fi dacewa da hakan. Da wannan hikimar ce wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ina da irinta a inuwar zaure, alayyafo da tumatir suna yin kwanaki a ciki ba su yi yaushi ba. Sai dai ba a sa mata nama da dafaffen abinci.

Ma'aikaciyar jinya daga Minanata:

Ina gaida Hajiya, na ƙaru ƙwarai. Ni gargaɗi zan ƙara a kan kula, tunda kin ce kina barin abincin rana tun safe. Kula ba ta dafa abinci, zafin da kika zuba take riƙewa, kuma da zarar ya sauka ƙasa da digiri 60 ƙwayoyin cuta suna samun damar hayayyafa, shinkafa kuwa tana cikin abincin da ya fi saurin kawo amai da gudawa ta wannan hanya. Ki nemi mai ƙarfe a ciki, ki ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, ki zuba abinci yana turiri, ki cika ta. Shinkafa daban, miya daban. Abin da ya yi saura da yamma a sake dafa shi ya yi zafi har ciki kafin a ba yara.

Tiyon gas kuma ki riƙa shafa masa ruwan sabulu, idan kika ga kumfa tana tashi to yana yoyo, a canza shi a ranar. Kurfoti a tsakar gida ake hura shi. Duk hunturu muna karɓar mutanen da suka shigar da garwashi ɗaki suka rufe ƙofa, iskar da take illata su kuwa ba ta da wari balle a ankara.

Ma'aikaciyar kotu daga Tudun Wada:

A kan injin wanki, mai baki biyu yana karɓar ruwan bokiti, ba sai da famfo ba, amma yana shan ruwa sosai wajen ɗauraya, ga shi dole ki tashi tsakar dare ki bi wuta. Ki kwatanta kuɗin jarkokin da zai ci da ladan mai wanki da guga na mako. Ni da na yi lissafi, sai na ba mai wanki manyan kaya da yunifom, na bar wa kaina na ƙaramin yaro.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na karanta wa maigida amsoshinku jiya da dare, mun tsayar da cewa zan sayi tukunyar furesha da zoben canji, da kuloli biyu masu ƙarfe a ciki, in kuma ƙara tukunyar gas mai kilo 12.5 domin ta kilo 6 ta zama ta ko-ta-kwana. Ragowar kuɗin zan bar su a asusu, shi ma ya yi alkawarin ƙarawa idan zagaye na gaba ya zo, sai mu haɗa firiza da sola lokaci ɗaya. Ya kuma ɗauki nauyin kai markaɗen Asabar da sauke yara a makaranta ranar Litinin da Alhamis. Hajiya, na riga na aika a tambayo mini farashin kwandon tumatir. Malama ta Arkilla, saura tambaya ɗaya: mu biyar ne a gidan, wani lokaci da baƙi daga ƙauye, shin mai lita 7 za ta ishe mu ko in nemi wadda ta fi ta girma?