Neman kalma: "bavure policière", kafin labarun ƙarfe takwas

Mai Labarun Dare: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya rahoto kan masu binciken laifin 'yan sanda, na kawo misalin Nahel, yaron nan mai shekara 17 da ɗan sanda ya harbe cikin mota a Nanterre, kusa da Paris, ran 27 ga Yunin 2023. Takardar Faransanci ta ce "bavure", kalmar da suke kiran ɓarnar da ɗan sanda ya yi a bakin aiki. Na rubuta "kuskure", hannuna ya ƙi. Ku taimaka, awa ukku ta rage.

Ɗan Zariya: Ganganci.

Hajiyar Fassara: Kuskure kam a'a, ƙanena. Kuskure shi ne ka zuba gishiri a koko. In ka faɗe shi a rediyo ka wanke mutum tun IGPN, masu binciken 'yan sandan Faransa, ba su buɗe dosiye ba. Ka tuna bayanin farko na 'yan sanda bidiyo ne ya ƙaryata shi. Ni "wuce gona da iri" nake sawa.

Tsohon Mushe: Ku koma tushe, yara. Bavure daga "baver" take, zubar da miyau. Tawada in ta malale a takarda ita ce bavure. Saboda haka: DALALAR AIKI. Shekara talatin ina riƙe da alli, ban ga wadda ta fi ta ba.

Ɗan Zariya: Baba Mushe, in ya ce "dalalar 'yan sanda" 'yan kabu-kabun bakin Babbar Kasuwa har su faɗo daga babur don dariya.

Tsohon Mushe: Dariya ba hujja ba ce.

Ɗan Jibiya: Mu nan a 2020, lokacin EndSARS, zanga-zangar adawa da rundunar 'yan sandan SARS a Najeriya, "cin zarafi" da "cin zali" muka yi ta ji. Ku ɗauka ku huta.

Tsohon Mushe: Kullum sai mu ɗauko daga ƙetaren iyaka? Hausar da kuke taƙama da ita, kakanninmu da ita suka baro Katsina. Ku da kuke cewa "caji ofis" za ku gyara wa mai cewa komisariya?

Ɗan Jibiya: Allah ya huci zuciyar Baba, amma komisariyar ma ai ba a Gobir aka haife ta ba.

Hajiyar Fassara: Ku bar wannan, yaro na da aiki. Cin zarafi ya dace da mari a bariyar hanya, ko a tsare mutum ya wuce awa 48 ba a kai shi gaban mai shari'a ba. In an rasa rai ya yi sauƙi. "Kisan gilla" kuma hukunci ne, sai kotu ta yanke, kamar Derek Chauvin, ɗan sandan Amirka da aka yanke wa ɗaurin shekara 22 da rabi kan kashe George Floyd. Shi Bafaranshe da gangan ya zaɓi kalma mai laushi, ba dole mu bi shi ba.

Mai Labarun Dare: To ga abin da na yi: a kanun labari "wuce gona da iri na 'yan sanda", a ciki in faɗi abin da ya faru tsirara, ya harbe shi, ya mutu. Na gode Hajiya.

Tsohon Mushe: Kalma huɗu a madadin ɗaya. To, ku je da ita yau. Dalalar aiki dai na rubuta ta a kayena.

Ɗan Zariya: Har yanzu ban ji laifin ganganci ba.